Gulbin da Aka Yi wa Baki

A garinmu Katuru ba a cika kiran gulbi da sunansa ba. Akan ce gulbi ya kawo, ko gulbi ya janye, ko kuma, idan abin ya zo da ƙarar kwana, a ce gulbi ya ci mutum. Sai da na shiga sakandare na ga taswira, sannan na san cewa ƙasarmu kwance take a hannun gulabe biyu: Gagare, wanda ya biyo ta Ƙauran Namoda, da Bunsuru, wanda ya taso daga ƙasar Katsina ya ratso ƙasar Zurmi. Su biyun suna gangarawa arewa su haɗu a wajejen Isa, daga nan ruwan ya zama Rima, ya bi ta Sabon Birni da Goronyo da Wurno har Sakkwato. Kakata ba ta san wannan ba, ba ta kuma nemi sani ba. Abin da ta sani shi ne an yi wa gulbi baki, kuma ba ya kai ƙarshen damina bai karɓi rai ba.

Ina ɗan shekara 11 na ga abin da take nufi. Cikin watan Agusta ne, gari ya waye garau bayan an kwana uku ana marka. Aka aike mu yankan ciyawa a fadama, ni da ɗan baffana wanda ya girme ni da shekara biyu. Da muka ɗaure dammunanmu, ni ne na ce mu ɗan watsa ruwa kafin mu koma gida. Ya fi ni iya iyo nesa ba kusa ba, shi ya sa ya riga ni shiga. Ruwa iya gwiwa, ruwa iya cinya, yana tafe yana waiwayowa yana yi mini dariyar matsorata. Sai kawai na ga babu shi. Bai yi kururuwa ba. Hannunsa ya ɗago sau ɗaya, daga nan ruwa ya ci gaba da tafiyarsa kamar ba a yi komai ba. Bayan kwana biyu masunta suka tsamo shi can ƙasa, maƙale a saiwar wani icce da gulbi ya kayar.

A wurin zaman makoki na ji tsofaffi suna cewa a hankali gulbi ya amshi nasa na bana. Da dare Kaka ta same ni a bayan rumbu, ta jawo ni jikinta ta ce, "Bar kuka, maigida. Ba kai kak kashe shi ba. Gulbin ga an yi mai baki tun ba a haihi uban ubanka ba." Wannan magana ita ta bar ni na yi barci a daren, kuma ita ta riƙe ni shekaru masu yawa. Saboda haka ba zan fara da raina ta ba, ko da yake daga baya, da na je karatun tarihi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, na tasa ta gaba da tambayoyi: wa ya yi bakin, yaushe, kuma a kan wane laifi?

Amsa uku na samu, kowace da gidan da take kwana. Ta Kaka ita ce ta malami. Wai wani baƙon malami ne ya iso mashigi da almajiransa da almuru, gulbi cike, 'yan fito suka ce sai ya biya wuri kafin su ƙetarar da shi. Ba shi da ko ɗaya. Suka ɗauke masakansu suka tafi, suka bar shi a gaɓa cikin ruwan sama. Wani almajiri ya ce zai gwada ƙetarawa ya nemo taimako, ruwa ya tafi da shi a gaban malaminsa. Malam ya ɗaga hannu ya ce gulbin nan ba zai ƙara cika shekara bai ɗauki ɗan gari ba. Ta biyu a bakin mata na ji ta, wajen dangin mahaifiyata a ƙasar Zurmi: amarya ce aka yi wa auren dole, aka ɗora ta cikin masaki za a kai ta gidan miji a ƙetare, da aka kai tsakiya ta karkata ta faɗa, kuma har yau wai akan ji guɗa a gulbi cikin dare idan ya kawo. Ta uku ta dattawan ƙofar fada ce, ba su kuma cika son tsawaita ta ba. Sukan ce an taɓa cin wani gari da yaƙi, mutanensa suka kwararo mashigi da mata da yara, suka tarar na ƙetare sun janye duk abin fito don tsoron kada yaƙi ya biyo su. Waɗanda ba su faɗa ruwa ba takobi ya same su a gaɓa.

Na daɗe ina ganin labaran nan uku a matsayin kishiyoyi, ina neman wanne ne na gaskiya. Sai wata rana, ina kwafe su cikin littafina, na lura cewa laifi ɗaya ne ke yawo a cikinsu. Ko dai an hana mutum ƙetarawa yana so, ko an ƙetarar da shi ba ya so. Babu inda gulbi ya fara mugunta da kansa. Ko'ina mutane ne suka fara, kuma a mashigi suka fara.

Labari na uku ne ya kai ni ɗakin karatu, domin yankinmu bai taɓa rasa garin da aka ci da yaƙi ba. Birnin Zamfara, wanda kufansa ke ƙasar Isa ta yau, shi ne babban birnin wannan nahiya kafin Gobirawa su zo. Ruwayar baka ta ce Sarkin Zamfara ne ya ba su wurin zama a gonakin alƙalinsa, kuma daga nan aka sami sunan Alƙalawa. Baƙo ya yi ƙarfi, ya juyo kan mai masauki. Wajen shekarar 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, sarautar Zamfara ta yi kudu, ta bi ta Kiyawa da wasu garuruwa kafin ta zauna a Anka. Wanda ya karanta littafin da Bajamushen nan Kurt Krieger ya wallafa a 1959 a kan tarihin Zamfara, ko kundin digiri na uku da marigayi Garba Nadama ya rubuta a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977, zai ga cewa faɗuwar birnin ta watsa jama'a ko'ina cikin wannan kwari. Duk wanda ya gudu daga can, ko ina ya nufa, akwai gulbi a gabansa.

Ba a yi shekara hamsin ba aka sake. A 1806 Namoda, wanda Ƙaura ta ci sunansa, ya karya rundunar Gobirawa da Abzinawa a Fafara kusa da Zurmi. A watan Oktoba na 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka ƙaura arewa, daga bisani suka kafa Tsibiri a bakin Gulbin Maraɗi, daura da Katsinawan da suka zauna Maraɗi. Tun daga nan ƙasarmu ta zama bakin daga har ƙarshen ƙarni. Shi kansa abin da ya sa sunan Katuru cikin littattafai daga wannan gaba ya fito: Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ɗan Shehu, wanda ya gaji Muhammadu Bello a 1837, ya kai yaƙi Tsibiri, kuma a kan hanyarsa ta komowa ya rasu a garinmu a 1842. Shi ya sa ake ce masa Mai Katuru. Tun muna yara muke alfahari da wannan. Amma ban taɓa jin an tambayi talakawa nawa ne suka mutu a mashigai cikin shekarun nan na kai da komo ba.

A nan ne na fahimci wani abu game da sana'ar da na karanta. Rubutaccen tarihin ƙasar nan yawancinsa tarihin rani ne. Sarakuna sukan fita yaƙi bayan an kawar da amfanin gona. Fatake sukan jira hanya ta bushe. Hatta Turawan da suka rubuta abin da suka gani a nan da rani suka zo: Clapperton ya ratsa Zurmi a ranin 1824 kan hanyarsa ta komowa daga wurin Bello, Barth kuma ya bi ta Zurmi da Badarawa a ƙarshen watan Maris na 1853. A irin wannan lokaci Gagare da Bunsuru filin yashi ne, jaki na takawa ya wuce, mata na tona rami da ƙwarya suna kwarfar ruwa. Gulbin da Kaka ke tsoro, na Yuli da Agusta da Satumba, masu alƙalami ba su cika haɗuwa da shi ba, don a watannin nan kowa na gidansa, hanyoyi a yanke. Wanda ya mutu a ruwa da damina babu marubucin fada a kusa da shi. Tsohuwa ce kawai ta riƙe labarinsa, ita kuwa ba ta riƙon shekara da sunan sarki, sai ta dunƙule mutuwar mutum ɗari ta mai da ita almajiri guda, ko amarya guda.

Akwai kuma wani ɓawo a ƙarƙashin wannan. Kafin a ce an yi wa ruwa baki, cewa ake yi ruwa na da mai shi. Wannan tsohuwar fahimta ce a ƙasar Hausa. Labarin Daura kansa ya ginu ne a kan rijiyar Kusugu da macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Cikin iskokin bori akwai Sarkin Rafi, kuma a fadar Gobir Inna ce ke shugabantar 'yan bori. Har gobe a Argungu ba a faɗa wa Matan Fada ranar su sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Ruwa mai mai shi ana lallashinsa: a yi yanka, a zuba fura, a nemi alfarma. To, Shehu Usmanu ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara tun kafin jihadi, kuma cikin abubuwan da ya yi suka a kansu akwai yanka ga itatuwa da duwatsu. A ganina, da yanka ga gulbi ya zama abin kunya, tsoron bai tafi ko'ina ba, riga ya sauya. Mai ruwa ya koma gefe, bakin malami ya hau wurinsa, domin shi Musulmi zai iya faɗinsa a gaban liman ba tare da an harare shi ba. Sai dai musanyar ta zo da hasara guda. Mai ruwa ana iya shiryawa da shi. Baki kuwa, in an riga an yi, ba a san ƙofar da za a bi a warware shi ba.

Wanda ya fi kowa buɗe mini ido bai taɓa shiga aji ba. Wani tsohon ɗan fito ne da ya yi kusan shekara arba'in yana ƙetarar da mutane, da masaki tun yana saurayi, daga baya da kwalekwale. Yanzu yana zaune a Shinkafi wurin ɗansa, tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu. Na gaishe shi na ce, "Baba, da gaske ne gulbin nan na da baki?" Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, mu dai abin da munka gada shi na, ba a shiga gulbi sai an gaishe shi." Na ɗauka wani tsafi zai faɗa. Ashe gaisuwar ita ce a tsaya a gaɓa a duba. In ruwa ya yi ja, yana tafe da kumfa da karare da kashin shanu, to wani ruwan na bisa hanya, ko da sama tas take, kada a shiga. In gulbi ya kawo na farko a shekara, ba mai ƙetarawa sai manya sun bi mashigi da doguwar gora sun soka ko'ina, domin inda ƙafa ta taka bara ba lalle ta taka bana ba. Ba a wanka gindin gaɓar da ruwa ke ci ta ƙasa. Inda ruwa ya yi shiru ya yi duhu, nan ne ake cewa ɗakin amarya, yaro ba ya zuwa. Bayan la'asar sakaliya an rufe fito, ko ɗan sarki ne.

Duk wanda ya san yadda gulaben nan ke aiki zai ga babu ƙa'ida ɗaya a nan da ta faɗi banza. Gagare da Bunsuru daga ƙasar duwatsu suke tasowa, inda ƙasa ba ta shan ruwa da yawa, saboda haka ruwan da aka zuba a can kudu da dare yakan iso mana da hantsi gaba ɗaya, alhali mu ko ɗigo ba mu gani ba. Gadonsu kuma yashi ne, ba dutse ba. Kowace ambaliya tana kwashe shi nan ta tara can, ta haƙa rami inda da tudu ne, musamman a gwiwar da gulbi ke karya kwana. Ruwan damina jajir yake, ido ba ya ganin ƙasa. Mutum na tafiya iya cinya, taku ɗaya ya zurma inda ya shanye kansa, ruwan kuma na murɗawa a wurin. Hausawa sun ce gwanin ruwa shi ruwa kan ci, kuma dalilin a fili yake: matsoraci irina yana gaɓa.

Ashe labarin baki ba shi kaɗai yake tafiya ba. Yana tafe ne da dokoki a goye, kuma shi ke ba su haƙora. Yaron da ba zai ji "akwai rami" ba zai ji "akwai amarya". Abin da ya same mu, mu 'yan wannan zamani, shi ne mun yar da goyon mun riƙe zanen. Makarantar boko ta ce mana camfi ne, wa'azi ya ce mana shirka ce, kuma kowannensu da gaskiyarsa. Amma babu wanda ya maye gurbin tsohon da ke bin mashigi da gora. Sarautar Sarkin Ruwa a wurare da yawa ta koma rawani kawai. Kalmar baki ce kaɗai ta tsira, ita ma don tana da amfani ga kowa: tana sanyaya zuciyar uwar mamaci, tana wanke yaron da ya ce a shiga ruwa, tana kuma wanke wanda ya kamata ya gina gada. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda tun 1929, an ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, amma har yau akwai garuruwa a kwarin nan da in damina ta kankama, mai naƙuda sai an ɗora ta a kwalekwale.

Kuma ba gulbinmu kaɗai ke ci ba, balle a ce shi aka ware da tsinuwa. A watan Nuwamba na 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari ta Bagwai da ɗaliban Islamiyya. A Afrilun 2022 aka rasa mutum 29 a ƙasar Shagari, galibinsu yara da matasa. A Satumban 2024 jirgin manoma ya nutse a Gummi, gomman mutane suka tafi. A Agustan 2025 wani jirgin ɗauke da fiye da mutum 50 ya kife kan hanyar kasuwar Goronyo, a kan ruwan da ya wuce ta ƙofar gidanmu. Ko'ina labarin kusan ɗaya ne: jirgin katako, lodin da ya wuce kima, babu rigar kariya. Wane malami ne ya bi waɗannan ruwaye duka yana yi musu baki?

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na ƙarshen watan Agustan 2025 a ƙasar Birnin Magaji, nan maƙwabtanmu. Mutane ne suka gudo daga harin 'yan bindiga, suka cika jirgi don su tsira, jirgin ya kife, aƙalla mutum 13 suka mutu. Da na ji labarin a rediyo sai jikina ya yi sanyi, domin na riga na san shi. Shi ne labari na uku, na dattawan ƙofar fada, wanda na ɗauka na zamanin Babari ne: gari a baya yana ci da wuta, gulbi cike a gaba, abin fito bai isa ba. Dokokin tsohon ɗan fito duka suna bukatar abu ɗaya, wato sararin tsayawa a gaɓa a duba. Wanda ake bi da bindiga ba shi da wannan sarari. Ban ƙara karanta labarin dattawan nan a matsayin tatsuniya ba. Ina ganin wani ne ya tsaya a gaɓa ya ga abin da idonsa, ya rasa wanda zai rubuta masa, ya ba jikokinsa ajiya.

Kaka ta rasu ina aji uku a jami'a, ban kuma taɓa yi mata gardama a kan bakin gulbi ba. Ko da ta ƙara kwana ba na jin zan yi. Amma akwai abin da ban gaya mata ba. A ranin da ya biyo bayan rasuwarta, lokacin da hanya ta ɗan yi sauƙi, na je gida, na sulale ni kaɗai zuwa inda abin ya faru. Na gane wurin da wata tsamiya da ke kan gaɓa. Gulbi ya ƙafe ƙaf, yara na buga ƙwallo a kan yashi. Ɗan gaba kaɗan wata tifa na tsaye, samari huɗu na loda mata yashi da shebur, za a kai gari a yi bulo. Na tambayi babbansu tun yaushe ake ɗiba a nan, ya ce tun yana yaro ya tarar ana yi, don yashin wurin ya fi kyau. Na sauka cikin ramin da suke haƙa na tsaya a tsakiya. Daga inda nake ba na hango yaran, muryarsu kawai nake ji, kuma da na miƙa hannu sama yatsuna ba su kai bakin ramin ba.